Maɓalli Ya Yi Ƙaura, Takarda Tana Nan Zaune: Sharhi Kan Ɗan Littafin Koyon WhatsApp Da Facebook

Akwai wani ɗan littafi na fotokopi da ya daɗe yana yawo tsakanin Agye, Cadawa da Gazawa, har ya bi hanyar kwalta ya wuce Maraɗi ya kai Tibiri da Gidan Rumji. Shafi 40 ne, an ninke takardun biyu an manne su a tsakiya. Yana koyar da yadda ake aiki da WhatsApp da Facebook cikin Hausa, kowane darasi da hoton fuskar waya a gefensa. Da yawanku kun gan shi a teburin masu cajin waya ko a hannun wani a fada. Wanda ya rubuta shi ɗalibi ne kamarmu, kuma tunda ban nemi izininsa ba, zan kira shi marubucin kawai.

Bari in faɗi ra'ayina tun da fari don kada wani ya zaci hassada ce. Hausar littafin ta fi ta yawancinmu daɗi. Jimlolinsa gajeru ne, ba ya yi wa mai karatu kallon baƙauye, kuma ya yi abin da mu masu rubuta waƙoƙin soyayya da gajerun labarai ba mu yi ba, wato ya zauna ya rubuta abin da zai yi wa mutum amfani yau-yau. Amma wajen rabin littafin ya riga ya mutu, kuma mutuwar tana cikin yadda aka gina shi tun ranar farko.

Babu kwanan wata a bangon littafin, babu a ciki. Duk da haka ana iya gane shekarunsa kamar yadda mai sayen rago yake buɗe baki ya duba haƙora. Marubucin ya ce saƙo ɗaya ba a iya tura shi gaba ga fiye da mutum 5 a lokaci guda, kuma wannan ƙa'ida a watan Janairun 2019 WhatsApp ya shimfiɗa ta ga duniya duka. A shafin da yake bayanin sayen forfe kuma yana kiran sunan Orange, kamfanin da aka sayar a ƙarshen 2019, daga baya ya koma Zamani. Ke nan tsakanin 2019 da 2020 aka rubuta shi. Ba tsohon littafi ba ne. Littafin lissafin da na yi karatu da shi a CEG ya girme shi nesa ba kusa ba, kuma har yau babu layi ɗaya da ya zama ƙarya a cikinsa.

To ga abin da ya faru da namu. A darasin farko an ce ka duba saman waya, za ka ga koren zane mai ɗauke da kalmomi uku, ka taɓa ta tsakiya don ganin statu ɗin mutane. Wanda ya sabunta WhatsApp ɗinsa zai duba sama ya ga wayam. Tun 2024 kalmomin suka sauko ƙasan fuskar waya, koren zanen ya ɓace, ita kuma kalmar Statut an maye ta da Actus tun lokacin da aka shigo da tashoshi a watan Satumban 2023, aka haɗa su wuri ɗaya da statu. A wani shafin an ce idan ka aika saƙo da kuskure babu gyara, sai dai ka goge ka sake. Tun watan Mayun 2023 ana gyara saƙo cikin minti 15 da aika shi. Maganar gogewar ma ta fi ban dariya. Lokacin da aka fara ba da damar goge saƙo daga wayar kowa, a ƙarshen 2017, minti 7 aka ba mutum. A 2018 aka ƙara zuwa awa 1 da ƴan mintoci, kuma wannan ne marubucin ya rubuta, har ya ja masa layi a ƙasa. A 2022 aka mayar da shi kwana 2 da ɗoriya. Yarinyar da ta aika hoto inda bai kamata ba da daddare, ta farka da safe ta duba littafin, zai ce mata lokaci ya wuce, alhali tana da sauran kwana guda cur. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wadda abin ya shafa.

Ba lalacin marubucin ba ne, kuma ba don mu talakawa ne ba. A Amurka akwai wani jerin littattafai na kamfanin O'Reilly da ake kira Missing Manual, wato littafin jagorar da ya kamata a ce ya zo tare da kaya amma bai zo ba. Wata marubuciya, E. A. Vander Veer, ta yi musu na Facebook a 2008. Dole aka sake shi a 2010, aka kuma sake shi a farkon 2011. Kafin wannan shekarar ta ƙare Facebook ya fito da sabon tsarin shafin mutum da ya kira Timeline, hotunan bugu na uku suka zama tarihi. Waɗannan mutane ne masu editoci da injin buga littafi da kuɗin sake bugu, amma gudun ya fi ƙarfinsu. Dalilin a fili yake. Wanda ya rubuta littafin gyaran babur ya san injin da ke gabansa ba zai canza da dare ba. Facebook da WhatsApp kuwa ba kaya ba ne da ka saya ka kai gida, shago ne na wani da kake shiga kullum, mai shagon kuma yana da ikon juya kantocinsa duk lokacin da ya ga dama, ba tare da ya yi shawara da kai ba. Ko sunan mai shagon bai tsaya ba: kamfanin Facebook ya koma Meta a watan Oktoban 2021, Twitter ya koma X a watan Yulin 2023. Mu nan ma mun saba. Iyayenmu sun sayi layin Celtel, suka wayi gari a 2008 an ce Zain ne, a 2010 aka ce Airtel.

Sai dai matsalarmu ta zarce ta Ba'amurkiyar nan, kuma nan ne nake ganin marubucin bai buɗe ido ya kalli inda yake zaune ba. Ita aƙalla tana iya ɗauka cewa masu karatunta fuska ɗaya suke gani a rana ɗaya. Mu fa? Ku zauna a kowace fada a Gazawa bayan sallar isha'i, ku ce kowa ya ajiye wayarsa a kan tabarma kusa da butar shayi. Ta wannan Tecno ce da aka saya a Maraɗi, tana Faransanci. Ta wancan Itel ce da ta shigo ta Jibiya ko Kano, tana Ingilishi, kuma bai taɓa canza harshen ba saboda ya haddace wuraren da yake taɓawa. Ta na uku yayansa ne ya aiko masa daga Libiya, Larabci take yi, komai nata daga dama yake farawa, abin da littafin ya ce yana hagu shi a dama zai same shi. Na huɗu Facebook Lite gare shi, wanda aka yi tun 2015 don ƙananan wayoyi da rezo marar ƙarfi, kuma fuskarsa daban take da ta babban Facebook da aka ɗauki hotunan littafin a kai. Na biyar ba ma WhatsApp na ainihi gare shi ba, irin wanda aka yi wa kwaskwarima ne, GB ko makamancinsa, da wani ya tura masa ta Xender a tasha. Sannan a cikinsu akwai wanda ya yi shekara bai sabunta komai ba, don sabuntawa tana cin forfe, sai ranar da manhajar ta ƙi buɗewa ta tilasta masa. Ƙari a kan haka, su kamfanonin ba sa sakin sabon abu ga kowa rana ɗaya, suna ba wasu su gwada kafin wasu. Waya biyar, fuska biyar, a kan tabarma ɗaya. Wace ce daga ciki littafin yake nufi idan ya ce “ka taɓa nan”?

Sai kuma su hotunan kansu. Hoton fuskar waya mai launi ne, injin fotokopi kuwa baƙi da fari ya sani. Kwafin farko ana ganin komai. Amma littafin nan ba daga asali ake sake shi ba, kwafi ake ɗorawa a kan kwafi. Wanda ya zo hannuna ina jin jikan jika ne: koren zanen ya zama baƙin gawayi, ƙananan alamomin sun narke, kibiyar da marubucin ya zana da biro tana nuna wani duhu da ba ka iya cewa ga abin da ke ciki. A inda nake yin fotokopi dala 5 ne shafi, shafi 40 jika guda ke nan. Fiye da rabin shafukan hotuna ne. Wato mai saye yana biyan fiye da rabin jikarsa a kan hotunan da ko ba su tsufa ba, ba sa ganuwa. Da marubucin ya zana alamomin da hannu, manya-manya, ɗan makirfo, kibiya mai lanƙwasa, ɗigo uku a tsaye, layi uku a kwance, ƙugiyar maƙala takarda, da sun jure fotokopi goma. Kuma abin lura, waɗannan alamomi sun fi wurin zamansu daɗewa. Ɗan makirfo yana nufin ɗaukar murya tun 2013 har gobe, ko a wace kusurwa aka ajiye shi, ko da wane harshe wayar take magana.

Maganar kalmomi ita ce inda na fi tausaya masa, domin duk wanda ya taɓa gwada rubuta irin wannan da Hausa ya san ciwon. Marubucin ya zaɓi tsarkake harshe. Bai yarda ya rubuta grup ba, sai “zaure”. Bai rubuta vokal ba, sai “saƙon baka”. Statu ya kira shi “halin da ake ciki”. Wallahi wasu ƙirƙire-ƙirƙiren sun yi kyau, zaure musamman, don ya kama ma'anar wurin da ake taruwa kowa na jin kowa. Amma mai karatu yana tsakanin harsuna biyu da littafin ya ƙi kulawa da su: wanda ke rubuce a fuskar wayarsa, da wanda abokansa ke yi a baki. Idan ya maƙale ya je wurin mai caji ya ce zaurensa ya ɓace, za a tambaye shi ko ruwan sama ne ya rushe shi. Facebook yana da fuskar Hausa tun 2016, amma ƙalilan ne a nan suka kunna ta, kuma Hausar can Najeriya ce, da kalmomin da wasu ba su zauna a kunnen mutumin Gangara ko Cadawa ba. Ni a ganina littafin koyarwa ba wurin yaƙin tsarkake harshe ba ne. A ba mutum kalmar da ake faɗa a titi, a nuna masa wadda zai gani a rubuce da Faransanci da Ingilishi sau ɗaya, a zana masa alamar. Idan marubuci yana da sabuwar kalma mai kyau, ya ajiye ta a gefe, in ta yi wa mutane daɗi za su ɗauka. Yanzu da kundin da aka fitar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, za a yi ta samun masu ƙirƙirar kalmomi daga ofis, kuma gara mu san tun yanzu cewa kalmar da ba a iya neman taimako da ita ba ta gama zama kalma ba.

Wani ɗan abu a gefe, tunda muna maganar rubutu. An buga littafin a kwamfutar da ba ta da haruffa masu ƙugiya. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, balle ƴ da tsarin rubutunmu na Nijar ya tanada. A labari mutum yana iya cike gurbin da hankalinsa. A umarni kuwa, “ka duba kasa” da “idan ka kasa” suna zuwa a layi ɗaya, “baki” mai magana da “baki” mai launi da “baki” masu zuwa gida duk sura ɗaya, ga mai karatun da dama da ƙyar yake haɗa baƙaƙe. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa da dukkan ƙugiyoyinta, kyauta. Littafin da ke koyar da waya bai ko ambaci wannan ba.

Yanzu ga babban ƙorafina. Shafukan da aka kashe wajen nuna inda maɓalli yake, an ɗauke su ne daga abubuwan da ba sa canzawa, waɗanda kuma su ne ke cutar da mutane. A duk shafi 40 babu sakin layi ɗaya a kan lambobi 6 ɗin nan da WhatsApp ke aikowa ta SMS. Kowa a nan ya san wani da aka kira shi, aka ce daga kamfani ne, ko daga wata ƙungiyar agaji mai rabon tallafi, ko an ce za a sa shi a wani grup na addu'a, “karanto mini lambar da ta shigo maka yanzu”. Yana karantawa an ɗauke masa WhatsApp. Daga nan ɓarawon zai bi ƴan'uwansa ɗaya bayan ɗaya da sunansa da hotonsa, yana cewa yana asibiti, a tura kuɗi. Ga ɗan kasuwar aya ko riɗi da duk cinikinsa da mutanen Kano da Katsina a waya yake, wannan asarar jari ce da ta mutunci. Maganin kuma yana nan tun 2017: mutum ya sa lambar sirri tasa ta kansa, mataki na biyu na tabbatarwa, wadda ko an sace ta SMS ba a shiga sai da ita. An sha matsar da wurin da ake kunna ta, amma dalilinta bai motsa ba. Wanda ya fahimci cewa WhatsApp ɗinsa a ɗaure yake da lambar layinsa, ba da ƙarfen wayar ba, zai gane da kansa me ya sa bai kamata ya bar layi ya mutu ba, me ya sa sayar da waya ba tare da fita daga asusu ba haɗari ne, me ya sa matar da mijinta ya yi mata rajista da layinsa kafin ya tafi cirani ba ita ke da asusun ba. Wannan ilimi ba ya tsufa da sabuntawa.

Haka maganar sirri. Marubucin ya rubuta da murna cewa saƙon WhatsApp a kulle yake, ba mai iya karantawa a hanya. Gaskiya ne, tun watan Afrilun 2016 haka yake. Amma ya tsaya a nan, kuma rabin gaskiyar nan ta fi ƙarya haɗari. Kullewar tana kare saƙo tsakanin waya da waya ne kawai. Da ya sauka, wanda ya karɓa yana iya tura shi gaba, ya ɗauki hotonsa, ya kunna vokal ɗinki a gaban fada guda. Ba a hanya ake tona asirin ƴan matanmu ba, a hannun wanda aka aika wa ne. Ita ma kibiya biyu da ke bayyana a kan saƙon da ya yi yawo da yawa, wadda tun watan Afrilun 2020 ba a iya tura mai ɗauke da ita sai ga wuri ɗaya a lokaci guda, ta cancanci shafi guda: me take nufi, kuma me ya sa vokal ɗin da ke cewa an ga ƴan bindiga a hanya kaza, ba suna, ba rana, ya kamata a tambayi asalinsa kafin a watsa. Mutanen Gidan Rumji da Tibiri, da ke kusa da iyaka, sun san abin da irin wannan saƙo yake yi wa gari cikin dare ɗaya, ko na gaskiya ne ko na ƙarya.

Ga kuma doka, wadda littafin bai san da zamanta ba. Doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019 a kan laifukan intanet ta fito daidai lokacin da ake rubuta shi. A ƙarƙashinta ne aka tsare ƴar jarida Samira Sabou a Yamai a watan Yunin 2020 saboda rubutu a Facebook, ta yi kusan mako 7 kafin kotu ta sallame ta. A 2022 aka sassauta dokar, aka cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi. A watan Yunin 2024 aka mayar da ɗaurin: shekara 1 zuwa 3 a kan ɓata suna ko zagi ta waya, shekara 2 zuwa 5 a kan yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a. Wani zai ce to ai ita ma dokar canzawa take yi, sau biyu cikin shekara biyar. Haka ne. Amma wanda bai san an matsar da maɓalli ba minti biyu zai ɓata yana nema, wanda bai san an canza doka ba kuwa gidan kaso zai kwana. Idan dole marubuci ya ɗauki kasadar rubuta abin da zai tsufa, ya ɗauke ta a kan wannan, ya sa kwanan wata a gefe.

Akwai tambayar da ban ga alamar marubucin ya yi wa kansa ba: wa zai karanta? Wanda ya iya karatun boko har zai bi shafi 40, yawanci ya riga ya koyi WhatsApp da yatsansa cikin kwana biyu, ba ya buƙatar a ce masa taɓa nan. Wanda yake buƙatar a nuna masa kuwa, gwaggo a ƙauye da ke son jin muryar ɗanta da ke Agadas ko Legas, ba karatu take yi ba, vokal take aikawa. Shi ya sa masu ba manoma shawara na RECA suke amfani da saƙon murya da Hausa a grup-grup na WhatsApp maimakon dogon rubutu. Na tuna da shirin ABC da ƙungiyar CRS ta gudanar a ƙauyukan Dosso da Damagaram a 2009 da 2010, wanda Jenny Aker ta jami'ar Tufts da abokan aikinta suka bi diddiginsa. An sa koyon waya cikin karatun yaƙi da jahilci na manya, kuma waɗanda suka koyi wayar sun fi sauran ci gaba a rubutu da lissafi. Amma ku lura da irin wayar: ƙarama ce mai maɓallai, wadda lamba 2 take ɗauke da a, b, c jiya da yau da gobe. Ana iya zana ta a allo a koyar shekara da shekaru. Kuma akwai malami a tsaye. Wayar shafa ba ta ba da wannan zaman lafiya ba.

Saboda haka mai karatun gaskiya na irin wannan littafi shi ne na tsakiya: mai cajin waya, mai tura waƙoƙi da fina-finai a katin waya, ɗalibin lise ko na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ya dawo gida hutu aka jibge masa wayoyin unguwa. Su ne ke buɗe wa mutane asusu, su ne ke zaɓa musu kalmar sirri, sau da yawa su ne kaɗai suka san ta. Littafin da aka rubuta domin su zai yi maganar amana: kada ka buɗe wa mutum Facebook da lambarka, ka rubuta masa kalmar sirrinsa a takarda ka ba shi, ka kashe masa saukar da bidiyo kai tsaye don kada grup ɗin biki ya cinye masa forfen mako a dare ɗaya.

Kada a fahimce ni cewa takarda ba ta da wuri. Na ji masu cewa a bar fotokopi, a yi bidiyo a TikTok kawai. Waɗannan sun manta da ƙarshen watan Fabrairun 2021, lokacin da aka yanke intanet na waya kusan kwana 10 bayan zaɓe. Sun manta da watan Agustan 2023, da Najeriya ta katse wutar da ke shigo mana, har da layin da ke tasowa daga Katsina zuwa nan Gazawa, aka yi watanni ana neman inda za a yi caji. Bayan haka ma, wanda aka sace wa WhatsApp ba ta WhatsApp za a koya masa yadda zai dawo da shi ba. Takarda tana da aiki. Abin da nake so shi ne a raba littafin gida biyu. Jikinsa ya ɗauki abin da ke daɗewa: asusu da layi, lambar sirri, damfara, abin da ke cin forfe, abin da ke fita daga hannunka da zarar ka aika. A tsakiya kuma a saka takarda ɗaya da ba a manne ba, mai wata da shekara a samanta da irin wayar da aka duba, tana cewa a yanzu abu kaza yana wuri kaza. Idan fuska ta canza a zare ta a sa wata, dala 10 gaba da baya, maimakon jika.

Akwai babi ɗaya da zan roƙi marubucin kada ya taɓa ko waƙafi a cikinsa idan zai sake bugu, shi ne na ladabin saƙon murya, shafi 3 kacal kusa da ƙarshe, babu hoto ko ɗaya. A nan ya ce ka faɗi sunanka da garinku a farkon vokal idan grup ne, don ba kowa ke da lambarka ba. Ya ce gaisuwa wajibi ce amma kada ta cinye minti biyu kafin a kai ga magana, domin mai saurare da kuɗinsa yake saukewa. Ya ce sanarwar rasuwa a faɗi ranar da lokacin jana'iza da baki, kada a ce “yau” ko “gobe”, saboda saƙon yana iya isa ƙauyen da ba rezo bayan kwana uku, mutane su ɗauki kabu-kabu su zo gidan da an riga an yi sadakar uku. Ya ce kada a kunna muryar matar wani a bainar jama'a. Tun bayan da ya rubuta wannan, WhatsApp ya ƙara saurin sauraren vokal a 2021, ya ƙara vokal mai ji sau ɗaya ya ɓace a ƙarshen 2023, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa jimla guda a waɗannan shafuka 3. A kwafin da ke hannuna su ne suka fi datti da lanƙwasar kusurwa, wani ma ya ƙara da jan biro a gefe cewa a faɗi sunan unguwar da za a yi jana'izar.